Maigadin Jitar Dogo

Jitar Dogo tana da ƙugi. Da ya jona ta da amsa-kuwwa, kafin ma ya taɓa tsirkiya, sai ka ji zuuu kamar ƙudan zuma sun shiga tulu. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin ne ke kwaso hayaniyar lantarki, ta fanka da ta fitila. Ba wanda ya taɓa damuwa, don Dogo yana da abin da ba kowa ke da shi ba: in ya ja sauti ɗaya, sai ya bar shi yana rawa yana sirancewa har ya mutu a hankali, jama'a sun riƙe numfashi.

Kwatsam sai ga sabon makaɗi a ƙungiyar kiɗansu, wai shi Ɗan Gayu. Tasa jitar tsit take, ko tari ba ta yi. Maigidansu ya saurara, ya ce a waƙar da za a ɗauka ranar Asabar, gurin da jita ke kuka ita kaɗai, wanda sautinsa ya fi tsabta shi zai kaɗa. Gurin nan kuwa na Dogo ne tun fil'azal.

Kishi ya turnuƙe shi. Da ya ji wanda ya gyara wa Ɗan Gayu jitarsa, sai abin ya zama goma da ashirin: Auta ce, ƙanwarsa ciki ɗaya, mai gyaran rediyo da amsa-kuwwa.

Ya ɗauki jitarsa ya same ta a shago, hayaƙin dalma na tashi a gabanta.

"Sannu, Auta. Ashe bare ya fi ɗan'uwa?"

"Kai, Yaya! Sau nawa na ce ka kawo ta, ka ce ƙugin ma kiɗa ne?"

Ta buɗe bayan jitar, ta liƙa wani ɗan allon lantarki da bai kai akwatin ashana ba. Ta ce maigadi ne: sauti mai ƙarfi ya buɗe masa ƙofa, mai rauni irin ƙugin nan ya rufe. Ta nuna masa wani ɗan sukuru a jiki.

"Wannan ne zafin maigadin. Na daidaita shi, kar ka taɓa. In ya yi zafi da yawa, har masu gida zai kora."

Dogo ya kasa kunne. Ƙugin ya tafi, sai ɗan burbushi can ƙasa.

"Na Ɗan Gayu fa?"

"Daidai da naka."

Daidai! Shi Dogo, daidai da wanda ya zo jiya? Yana isa gida ya ɗauko sukundireba, ya murɗe sukurun har ƙarshe. Ya daki tsirkiyoyin da ƙarfi, suka amsa rangaɗau, ya ɗora tafi a kansu, ɗakin ya yi shiru kamar an ɗauke wuta. Ya yi dariya shi kaɗai, ya mayar da jitar jaka. Jan sautin nan nasa kuwa ko gwadawa bai yi ba, ai a hannunsa yake.

Ranar Asabar, a ɗakin ɗaukar sauti, Maigida ya ce babba ya fara. Dogo ya kaɗa, tas-tas, yana satar kallon Ɗan Gayu. Aka iso gurin. Ya lumshe ido, ya ja sautin nan, ya fara girgiza shi. Yana fara sirancewa, ɗif! Maigadi ya ɗauka ƙugi ne, ya rufe ƙofa. Yatsan Dogo na ta rawa a kan tsirkiya, amsa-kuwwa ko uffan.

"Sake," in ji Maigida.

Ya sake. Ɗif, a guri ɗaya.

Maigida ya duba agogo. "Ɗan Gayu, ɗauko taka."

Ɗan Gayu ya matso kusa da Dogo, fuskarsa ba alamar murna.

"Yaya Dogo, ina jan nan naka? Wallahi don shi na shigo ƙungiyar nan. Na daɗe ina kwaikwayo, na kasa."

Ya kaɗa, ya ja iya jansa, bai kai rabin na Dogo ba, kuma shi aka ɗauka. Dogo na zaune a gefe yana ji, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Jitar na kan cinyarsa a jone, tsit, ta fi ta kowa tsabta.