Dashen Suruki

A duk Ƙofar Kuyambana babu wanda bai san lemun tsamin gidan Sailuba ba. Mijinta, marigayi Malam Inuwa mai lambu, shi ya dasa shi a tsakar gida shekarar da ta tare, kuma tun da ya rasu wannan bishiya ce ke ɗebe mata kewarsa. Takan ce wanda ya taɓa lemun nan ya taɓa ƙwayar idonta.

To, sai ga surukinta Ja'afaru, mijin autarta Sakinatu, ma'aikacin ofis a Kaduna, irin mutanen nan da in sun ga abu a takarda shi ke nan sun yarda. Ya ga hoton wata shuka a ɗan littafin masu sayar da furanni na Jos, wai ba ta zubar da ganye rani da damina. Bai je ya gani da idonsa ba, ya ba direban motar dankali saƙo. Ranar Asabar ya iso da ita a baƙar leda, shi da Sakinatu, ya durƙusa ya gaida Sailuba.

"Inna, ga ɗan abin ƙawata gida. Kusa da lemun Baba zan sa ta, ta sha inuwa."

Sailuba ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya yi albarka."

Yana can yana haƙa rami ta jawo ledar gabanta. Ganye kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Amma Malam Inuwa ya sha gaya mata cewa masu ganye kullum su ne munafukan itatuwa, sai su yi wata da mutuwa fuskarsu ba ta nuna ba. Ta sa farce ta kankare ɓawon wani reshe, maimakon ɗanye ta tarar da shi busasshe. Ta shinshina ƙasar ledar, tsami take yi. Sannan ta juya ganye guda. A bayansa ga wasu fararen abubuwa kamar ɓurɓushin auduga sun manne. Ta murje ɗaya, ya bar mata danƙo a yatsa. Irin waɗannan ƙwari ne suka taɓa cinye wa Malam Inuwa lemu goma sha biyu a fadama, har ya ce ba su da magani sai wuta.

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dubi Ja'afaru ya tuɓe babbar riga, gumi sharkaf. Ina aka taɓa jin suruka ta ce wa suruki ya ƙone kyautarsa? Ta ja Sakinatu ɗaki ta raɗa mata.

"Haba Inna, ki yi masa kara," in ji Sakinatu. "Asabar mai zuwa zai dawo da kyamara ya ɗauki hoto. Bayan nan ki yi yadda kika ga dama."

Sailuba ta haɗiye maganarta, aka dasa.

Kowace safiya sai ta wanke ganyen shukar da ruwan sabulu, ta zagaye gindin lemun da toka. Ranar Talata ta ga tururuwa sun sauko daga baƙuwar shukar a layi, sun tsaya a bakin tokar suna kai da komowa. Ta san su ne ke kwasar ƙwarin daga wata bishiya zuwa wata, sai ta ƙara toka. Ranar Alhamis hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwa har la'asar, kwata ta tafi da tokar duka. Da ta fito ta ga layin ya miƙe har cikin rassan lemun. Ta share su da tsintsiya tana gaya wa kanta saura kwana biyu.

Asabar Ja'afaru ya zo da kyamararsa. Shukar kuwa tana nan kore shar, har ya yaba.

"Inna, ki tsaya a tsakaninsu. Ki ɗan riƙe reshen lemun."

Ta ɗaga hannu ta kama. Yatsunta suka manne. Ta juya ganyen a hankali, ta juya na kusa da shi, da na gabansa, duk bayansu fari fat.

"Yauwa Inna," in ji Ja'afaru, idonsa a kyamara. "Ki ɗan yi murmushi."