Kwamfutar da Kamfani Ya Daina Ƙerawa

Iliasu Maiturare yana da shagon buga kati a unguwar Nima ta birnin Accra, a kan hanyar Kawukudi. Katin aure, katin suna, sanarwar sadakar arba'in, duk wurinsa ake kawowa, don a unguwar kwamfutarsa ce kaɗai ke rubuta Larabci da ajami. Ba da wannan ta zo ba. Shi ya yi shekaru yana rubuta mata manhajar da ke yin hakan, har wasula suka zauna daidai a kan baƙaƙe.

Kwamfutar ta wani kamfanin Turai ce, ba ta karɓar faifan kowa sai nata. Osumanu ne ya sa shi ya saye ta, abokinsa tun ƙuruciya, wanda ya zama wakilin kamfanin a Accra. Ya rantse masa cewa irin wannan kamfani ba ya barin mutanensa.

A 1996, gab da azumi, lokacin da kowa ke sauri ya ɗaura aure, kwamfutar ta mutu. Iliasu ya naɗe ta cikin zane, ya ɗauki tasi zuwa ofishin Osumanu a Kanda.

Osumanu bai ko buɗe zanen ba. Ya ce kamfani ya daina ƙera wannan samfurin, kayan gyara ma sun ƙare, amma akwai sabuwa, zai yi masa ragi. Iliasu ya tambaya ko manhajarsa za ta yi aiki a kan sabuwar. Osumanu ya ce a'a, sun canja komai. Iliasu ya roƙi a ba shi bayanin yadda tsohuwar ke ajiye rubutu, ko ya samu ya kwashe aikinsa. Aka ce masa wannan sirrin kamfani ne.

"Tun yaushe ka sani?" in ji Iliasu.

"Tun bara."

"Tun bara, Osumanu. Kana zuwa shagona, kana cin wake da shinkafa, kana ganina ina ƙara mata aiki, ba ka ce komai ba."

Osumanu ya ce an hana su faɗa sai sun sayar da ragowar tsohon samfurin. Iliasu ya ɗaga kwamfutar ya dire ta a kan teburin da ƙarfi, har gilashin teburin ya tsage. Masu gadi suka fitar da shi.

A shago, yayarsa Sanatu, wadda ke karɓar aikin mutane, ta riga ta sha zagi daga iyayen amare. Ta ce masa ya je ya ba Osumanu haƙuri ya karɓi sabuwar. Ya ce ko kyauta ba ya so, ba zai sake zuba shekarunsa a cikin abin da wani zai iya rufewa daga can Turai ba. Suka nemi wani malami a unguwar Maamobi ya rubuta katunan da hannu, wasu masu aikin kuma suka janye.

Bayan salla ya sayi tsohuwar kwamfuta irin ta kowa, wadda ake samun kayanta a kasuwa, ya fara rubuta manhajar daga farko. Faya-fayansa na dā ba ta iya karanta ko ɗaya.

Da matarsa ta haihu, Osumanu ya zo da kansa neman katin suna. Iliasu ya amsa sallama, ya yi wa jaririn addu'a, ya ce masa ya kai wani shagon.