Rigar Wankan Kanae

Tokiko Umezaki ta fara hawan wani dutse mai aman wuta da fushi, don ita mace ce da ba ta iya barin ɓacin rai a gida ta fita. Fushin kuwa na ɗanta Shuji ne. Shi ya kamata ya rako matarsa Kanae, amma da safe sai ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, wai ana nemansa a ofis, wai kuma ai a gidan wankan ruwan zafin da za su je bayan hawan, wurin mata daban yake da na maza, ko ya zo ba abin da zai tsinana. Tokiko ta kalle shi sama da ƙasa, ta ƙwace makullin motar daga hannunsa, ta ce wa surukarta ta shiga su tafi.

Bara aka yi wa Kanae aiki a asibitin birnin Kumamoto, aka cire mata nonon hagu saboda sankara. Likitoci sun ce ta warke, amma ita ba ta dawo ba. Ta sa 'yan gida suka yi mata alkawari ba wanda zai ji, maƙwabta kuma aka ce musu ta je jinyar mahaifiyarta ne. Tun daga nan ta daina zuwa gidan wankan unguwa, inda a da ita ce mai sa mata dariya har su riƙe ciki. A garinsu kuwa, macen da ta bar shiga ruwan zafi da 'yan uwanta mata ta fita daga cikin mutane ke nan, don a can ake jin wa ya haihu, wa ya mutu, wa ya yi faɗa da miji. Wannan ne ke cin Tokiko a rai. Ta ƙudura ko ana ha maza ha mata, yau sai yarinyar nan ta shiga ruwa cikin mata.

Da ƙyar Kanae ta yarda, ita ma da sharaɗi. Sai dai a je nesa inda ba wanda ya san ta, kuma za ta sa 'yar rigar wankan da ta saya a shagon asibiti, wani siririn ƙyalle mai launin fata da ke rufe gefen ƙirji ɗaya, wanda aka ɗinka don mata irinta, tunda a irin wankan nan tsirara ake shiga ruwa. Hawan dutsen kuwa dabarar Tokiko ce. Ta san wanda ya wuni yana fama da dutse mai aman wuta, ƙafafu sun yi tsami, toka ta cika masa gashi, ba ya tsayawa gardama idan ya ga ruwan zafi.

Hanyar ta fara cikin doguwar ciyawa, can sama ta koma baƙar toka da duwatsu masu rawaya-rawaya na farar wuta. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana zuwa yana tafiya da iska. Tokiko tana gaba da sandarta, tana mita. Ta yi mitar 'yan samarin da suka tare hanya suna ɗaukar kansu hoto, ta yi mitar wanda ya yar da leda, ta yi mitar gwiwarta. Kanae tana baya, hula ta rufe mata rabin fuska.

Da suka wuce rabi sai abin ya juya. Numfashin Tokiko ya fara sarƙewa, ai kuwa sai ga Kanae ta wuce ta.

"Inna, ko in goya ki ne?"

"Ke, ja'ira! Tun kina tsumman goyo nake hawan dutsen nan."

"To ai shi ya sa. Ya gaji da ganinki."

Tokiko ta yi tsaki, amma a ranta kamar ta taka rawa. Rabon da ta ji yarinyar nan ta tsokane ta tun kafin asibiti.

A sama suka zauna bayan igiyar da aka gitta a bakin ramin, farin hayaƙi yana tasowa daga ciki yana gurnani ƙasa-ƙasa. Kanae ta cire hula, iska ta kaɗa guntun gashin da ya sake tsiro mata. Ta cinye curin shinkafarta, ta miƙa hannu ta ɗauki na Tokiko ma.

"Au, har nawa?"

"Ai kin ce likita ya hana ki gishiri."

"Yau kuma kin tuna da likitana?"

Kanae ta yi dariya, ta gaske, har ta ƙware. Tokiko ta bubbuga mata baya tana cewa a ranta, an gama, saura ruwa.

Da la'asar suka sauko masaukin da ke gindin dutsen, tsohon gida na katako da tururi ke fita ta bayansa. A ɗakin tuɓe kaya Kanae ta juya wa kowa baya, ta daɗe tana ɗaura igiyar rigar, Tokiko kuma ta yi kamar tana neman wani abu a kwandonta. Suka fita wurin cuɗa, kowa ta ja 'yar kujerarta gaban famfo. Kanae ta wanke jikinta tsaf, har rigar ta cuɗe da sabulu ta ɗauraye, ta tashi ta nufi tafkin ruwan zafin da ke waje, wanda aka kewaye da duwatsu. Akwai mata a ciki, ayarin 'yan birni da suka zo tare, ruwa har wuya, kowacce da ɗan tawul a ninke a ka.

Ƙafa ɗaya Kanae ta sa. Sai wata mai rinannen jan gashi ta juya wajen ƙawarta, ta yi magana irin wadda ake yi da ƙawa amma don wani ya ji.

"Ikon zamani! Ashe yanzu har da riga ake shiga?"

"Ke dai bari. Gobe ma da takalmi za a shigo."

Kanae ta janye ƙafarta. Mai jan gashin ba ta tsaya nan ba, ta ɗaga murya ta kira mai masaukin, wadda ke jera bokitai a gefe. Matar ta zo da sauri cikin ɗan gajeren taku, ta durƙusa a bakin tafkin, ta sunkuyar da kai har ƙasa. Irin ladabin nan ne da Tokiko ta tsana, wanda ake korar mutum da shi yana godiya.

"Baƙuwarmu mai daraja, ki gafarce mu. Laifinmu ne da ba mu yi bayani ba. A gidan nan ƙyalle ba ya taɓa ruwa. Amma akwai ɗan ɗakin wanka na iyali a baya, mai ƙofa. Idan an gama cin abincin dare sai in buɗe miki, ki yi wankanki ke kaɗai, ba mai damunki."

Ke kaɗai. Mai ƙofa. Tokiko ta ji kalmomin nan har cikin kwanyarta. Shekara guda yarinyar nan tana wanka ita kaɗai a bayan ƙofa, an sha wahalar dutse an kawo ta nan, shi ne za a sake nema mata wata ƙofar? Ta miƙe daga kujera, kumfa a kafaɗa, ta manta da gwiwa, ta manta cewa ita kanta ta sha yi wa 'yan mata tsawa a unguwa don bakin tawul ɗinsu ya taɓa ruwa.

"Wace ƙofa? Kuturwa kika gani da za ki kai ta bayan gida?"

"Baba, ba haka nake nufi ba. Al'adar gidan ce tun kakanni."

"Kakannin naki sun taɓa ganin irin wannan rigar? Don wanka aka yi ta! A gabanki ta cuɗe ta, ta fi gashin wasu tsabta."

Mai jan gashi ta taɓa kanta. "Baba, da wa kike?"

"Da wadda ta tsargu!"

"To mu dai kuɗinmu muka biya. In an bar wannan yau, gobe kowa ya shigo da abin da ya ga dama. In tana jin kunya ne ta zauna a gida mana."

Kanae ta kama hannun Tokiko, ta ce a hankali, "Inna, ki bari. Mu tafi." Da Tokiko mai jin magana ce, da a nan aka tsaya. Amma ranta ya riga ya kai inda ba ta ji ba ta gani. Ta fizge hannunta, ta tako har bakin ruwa, ta nuna mai jan gashin da yatsa, muryarta ta cika wurin har ana iya ji a ɓangaren maza.

"Kunya? Ke kin san abin da ake kira kunya? Nononta aka yanke! Sankara ta ci ta, aka cire shi ɗungurungum, gashinta ya zube, ta yi amai har ta kasa tsayuwa, yau ta hau dutsen da ke ko rabinsa ba za ki kai ba, shi ne za ki zauna cikin ruwa kamar kwaɗo kina yi mata shari'a?"

Mai jan gashi ta sunkuyar da kai. Mai masauki ta kai hannu baki. Tokiko tana huci, tana jiran wata ta ƙara cewa tak, don a ganinta ta yi nasara. Sai da ta waiwaya ta ga fuskar Kanae.

Ba kuka take yi ba. Da kuka ne da sauƙi. Kallonta take yi, kuma fushin da ke idonta ya fi na Tokiko nesa ba kusa ba.

"Abu ɗaya na roƙe ki, Inna. Ɗaya tak."

"'Yar nan, ai don ke na..."

"Jikina ne. Ciwona ne. Ni ke da ikon faɗa, ranar da na ga dama, ga wanda na ga dama. Ko ƙanwata ban gaya wa ba. Ke kuma kin tsaya tsirara kina shelarsa ga mutanen da ko sunansu ba mu sani ba, don kawai ki ci gardama."

Tokiko ta kau da kai. Mace ce da ba a taɓa rufe wa baki ba tun tana amarya, amma yau ta san gaskiya aka faɗa mata.

Ta ɗauka Kanae za ta juya ta koma ɗakin kaya, shi ke nan an rasa ta. Maimakon haka sai Kanae ta kai hannu bayan wuya ta warware igiyar.

"Tunda an riga an gaya muku, ba sauran abin rufewa," in ji ta ga matan. Ta dubi mai masauki. "Ga ƙyallenku, bai taɓa ruwanku ba. Yanzu na cika al'ada?"

Ta ninke rigar ta ajiye a kan dutse. A nan ne Tokiko ta ga tabon. Dogo ne, daga hammata har tsakiyar ƙirji, ja-ja, fatar wurin ta lotsa ta manne da ƙashi. Shekara guda tana faɗa a kan abin nan, da ɗanta, da likitoci, da ita kanta Kanae, ashe ba ta taɓa ganinsa ba. Tausayi ya kama ta, da kunya mai zafi.

Kanae ta shiga ruwan a hankali, kai a ɗage, har ya kai mata wuya. Matan suka matsa suka ba ta wuri, mai jan gashi ce ma ta fara matsawa. Kanae ta zauna ta ba Tokiko baya, fuskarta wajen dutsen da hayaƙinsa. Ba ta ce mata ta shigo ba.

Tokiko ta ja ƙafa ta koma kan 'yar kujerarta, kumfar ta bushe mata a kafaɗa. Tana zaune ta ji muryar Kanae daga tafkin, a fili.

"Ku ma kun hau yau?"

Wata ta amsa, "Mu? Ina! A motar haya muka tsaya a ƙasa muka sayi dafaffen ƙwai."

"Kun yi asara. Amma kun tsira da gwiwoyinku."

Wata ta yi 'yar dariya, wata ta tambaye ta ko warin yana da yawa a sama, hira ta kama. Abin da Tokiko ta tuƙo mota tun safe ta zo nema ke nan, ga shi tana ji da kunnenta, ba ita a ciki. Ta murɗa famfo har ƙarshe, ta sa fuskarta a ƙarƙashin ruwan, don kada a ji kukanta ya ɓata musu hira.