Layi Bakwai a Yatsa Ɗaya

"Bakwai," in ji Walid, ya juyo da fuskar kwamfutar wajen Lurwanu. "Layin waya bakwai, ya ammi, duk da sunanka."

Da Larabci ya faɗa, kamar kullum, har da "ammi" ɗin, wato baffa. Walid jikan Hausawa ne, kakansa a ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, amma shi a Madina aka haife shi, ɗan ƙasa ne, kuma shi ke riƙe da takardun ma'aikata a kamfanin motocin ziyara. Yana jin Hausa tas, sai dai ko za a yanka shi ba zai mayar maka da ita ba.

Lurwanu ya gyara tabarau ya leƙa lambobin. Ya gane ta farko, layin aiki ne. Ya gane ta biyu, tasa ce, shekara goma sha takwas yana riƙe da ita, tun zuwansa daga Mai Wurno ta Sudan. Sauran biyar ɗin sai da ya yi ta lalube a kansa.

"To ni laifin me na yi, ɗana? 'Yan sanda da kansu shekaranjiya suka ce ba ni ba ne."

"Sun ce ba kai ka ɗauki bidiyon ba. Ba su ce layin ba naka ba ne."

Abin da ya faru ke nan. Wani mara kunya ya ɗauki wata mata bidiyo a kasuwar dabino ba da saninta ba, ya watsa a duniya, ita kuwa ta kai ƙara. Da aka bi sawun layin, sai ga sunan Lurwanu da hoton yatsansa. Abin da ya cece shi kuwa shi ne na'urar nan da kamfani ya liƙa a motarsa, wadda ya shekara biyu yana tsine mata don tana kai rahoton ko fitsari ya tsaya yi. Ita ta nuna ranar yana Badar da mota cike da alhazai.

"Ga abin da mudir, shugaban kamfani, ya ce," Walid ya turo masa takarda. "Iƙamarka, izinin zamanka a ƙasar nan, saura kwana goma sha ɗaya ta mutu. Ba za a sabunta ta ba sai ka rufe kowane layi, ka bar biyu, na aiki da guda ɗaya naka. Wanda ka bari kuma ya zama a hannunka yake, zan kira shi a gabanka in ji ya yi ƙara. In aka ƙara samun layinka a hannun wani, aikinka ya ƙare. Kafin la'asar yau."

"Ba za a iya mayar da ɗaya sunan matata ba?"

"Muddin ƙarar nan na buɗe, rufewa kawai ake yi, ba a mayarwa."

Lurwanu ya ninke takardar huɗu ya cusa a aljihu. Takaici ya hana shi ko sallama. Wai shi da ko tarar gudu bai taɓa ci ba, yau shi ake gindaya wa sharaɗi kamar ɓarawon takalma a ƙofar masallaci.

Ƙarfe goma ya sauke alhazansa a Masallacin Ƙiblatain. Ya ce musu minti arba'in, ya san sai sun yi awa. Ya raɓa inuwar motar ya sami Musaddiq, abokin aikinsa mutumin Cadi, yana kurɓar shayi a kofin takarda.

"Na ji labari," in ji Musaddiq tun kafin ya zauna. "Kai ma dai, Malam Lurwanu! Yatsa ake ara wa mutum? Ni ko ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ba na dangwala masa."

"Baƙon Manzon Allah zai zo maka daga gida, tsoho, bai san gabas ba bai san yamma ba, ya ce yana son ya kira iyalinsa, ka ce masa me? Haka muka tarar ana yi. Ka kai shi shago, ka ɗora yatsa, a ba shi layi, ya yi maka addu'a."

"Ya yi maka addu'a ya tafi, ya bar wa wani, wanin ya sayar wa wani. Ai ga addu'ar nan ta iso." Musaddiq ya yi dariya har shayi ya zubo masa. "Zamanin nan, mutum ba shi ne mutum ba, lambarsa ce mutum. Wayar nan ta fi matarka sanin inda ka kwana. Ni har gara haka, wallahi. Mai gaskiya ba ya tsoron a leƙa shi."

"To ka cire labulen ɗakinka mana, tunda kai mai gaskiya ne."

Musaddiq ya koma ga shayinsa.

Lurwanu ya fara kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya. Biyu a kashe. Ta uku wani ya ɗaga yana wani yare, ya zazzaga masa abin da ko ba ka ji ba ka san zagi ne. Ta huɗu ita ce ta bidiyon, tuni an toshe ta. Waɗannan ko a jikinsa, a rufe su a huta. Da ya zo kan ta biyar sai ya tsaya, don bai buƙaci kira ba. Layin Hajja Halimatu Sa'adiya ne.

Hajja ƙawar mahaifiyarsa ce tun a Mai Wurno. Ta zo Umara shekara tara da suka wuce ta ƙi komawa, ta ce ita a Baƙi'a take so a binne ta, kusa da Manzo. Takardunta sun daɗe da mutuwa, ba shagon da zai ba ta layi da sunanta, shi ya dangwala mata. Ɗa guda gare ta, Isah, makanike a garin Madani can Sudan. Ranar da yaƙi ya shiga garin ya kira ta ya ce za su fita ta hanyar kudu, in ya sami wuri zai kira. Yau shekara biyu ke nan ba kaɗan. Ba wanda ya ga gawarsa, ba wanda ya gan shi da rai, kuma lambar nan kaɗai ya haddace.

Yana cikin wannan matarsa Murja ta kira.

"Ka sa hannu?"

"Tukuna. Akwai na Hajja a ciki."

Yana jin ƙarar famfo a bayanta. "Abban Sara, ni ma ina tausayin Hajja, Allah ya sani. Amma in iƙamarka ta mutu, tawa ta mutu, ta yara ta mutu. Ina za mu koma? Gidan da aka ƙone? Ka je ka faɗa mata gaskiya, mace ce mai tawakkali."

"Na ji."

"Ba ka ji ba, na san muryarka."

Bayan azahar ya ajiye motar a garejin kamfani ya tari tasi zuwa unguwar Bani Harisa. Bai yi nisa ba wayar aiki ta yi ƙyas, wai ya fita daga yankin aikinsa, ya ɗauki hoton fuskarsa ya tabbatar shi ne. Ya ɗaga wayar ya harare ta. Ta ce hoton bai fito ba, ya cire tabarau. Ya cire. Ta ce ya ƙifta ido. Sai da ya ƙifta sau uku kamar mai kwarkwasa kafin ta yarda shi ne Lurwanu, direban tasin yana ta danne dariya.

Ɗakin Hajja yana saman wani tsohon gida, an tada shi da bulo a gefen tankin ruwa. Ya same ta a kan darduma, fanka na juya iska mai zafi. Wayar tana inda take kullum, a kan matashi kusa da kunnenta na dama mai ji, 'yar ƙarama mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba, igiyar caji a jikinta.

"Lale, ɗan Sumaya! Da tsakar ranar nan? Zauna, ga dabino can a kwano, na Badar ne maƙwabta suka kawo."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, ta ce da sauƙi. Ya ɗauki dabino ɗaya ya riƙe bai ci ba. Duk jawabin da ya shirya a tasi ya gudu. Sai kawai ya faɗa mata yadda abin yake, tun daga matar kasuwa har zuwa la'asar, bai rage komai ba.

Ta saurara tana jan carbi. Da ya gama ta ce, "Wato hukuma za ta kashe lambar."

"Ni za a sa in kashe, Hajja."

"In an kashe, in mutum ya kira, me zai ji?"

"Za a ce masa lambar ba ta aiki. Bayan wani lokaci kuma a ba wani."

"A ba wani." Ta jinjina kai. "Ya kira uwarsa, wani ƙato ya ɗauka." Ta miƙa hannu ta zare igiyar cajin, ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta, ta miƙo masa. "Karɓi. Yatsanka ne, ba nawa ba. Ba zan ci amanar Sumaya in sa a kori jikokinta ba. Shekara tara ka ara mini, ko haka ka tsaya ka yi."

Da ta yi kuka ko ta yi masa Allah ya isa, da ya fi masa sauƙi. Haushi ya turnuƙe shi, ya rasa wa zai ji wa: ɗan iskan da ya ɗauki bidiyon, ko mudir, ko wannan babban yatsan nasa da bai iya cewa a'a ba. Ya karɓi wayar ya miƙe.

Har ya kai bakin matakala ta kira shi. "Lurwanu! Kafin su kashe, in Allah ya sa ya kira a hanya, kada ka ce masa ƙafata ta kumbura. Ka ce na tafi Harami."

Saura minti ashirin a kira la'asar ya shiga ofishin Walid, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya baje takardar a kan tebur. Walid ya ɗauki biro ya fara bin lambobin.

"Na aiki, a bari. Waɗannan huɗu, a rufe. Wannan ta ƙarshe, a rufe. Taka..."

"Tawa za a rufe. Ta ƙarshen za a bari."

Walid ya ɗago. "Ya ammi, ka san abin da kake faɗa? Bankinka a kan lambar nan yake. Manhajar hukuma, asibiti, makarantar 'ya'yanka, duk saƙon sirrin da ake turo maka nan yake zuwa. Sabunta iƙamar ma sai an turo lamba ta nan. Sai ka bi ofis-ofis ka canza su ɗaya bayan ɗaya, kuma kwana goma sha ɗaya gare ka."

"Na sani."

"Ba lallai ka gama ba."

"Na ce na sani, ɗana! Tun safe kowa faɗa mini yake abin da na sani. Doka ta ce biyu, ga biyu. Ta ce wanne ne?"

Walid ya duba takardar sama da ƙasa. Ba ta ce ba. Ya ce, "Ta waye?"

Lurwanu ya zaro 'yar wayar mai roba ya ajiye a kan tebur, ya faɗa masa a taƙaice, da Hausa, bai damu ya juya masa ko kalma ɗaya ba. Walid ya gyara riƙon biro. Ya ja layi a kan lambar shekara goma sha takwas, ya nuna masa inda zai sa hannu, ya turo masa 'yar na'urar ɗaukar hoton yatsa. Lurwanu ya ɗora yatsan.

"Ka san ba za ka mayar mata ba," in ji Walid. "A aljihunka za ta zauna, dare da rana."

"Zan riƙa bi ta wajenta."

"Saura gwaji." Walid ya jawo wayar ofis ya fara danna lambar yana karantawa daga takarda.

Lurwanu yana tsaye yana kallon yatsan Walid a kan maɓallan, ya san sarai wa ke kira. Duk da haka, da 'yar wayar ta fasa ƙara a kan teburin, ƙara mai tsananin ƙarfi irin wadda ake sa wa mai kunne ɗaya, sai da hannunsa ya kai kanta kafin ya tuna. Ya tsaya riƙe da ita tana rawa a tafinsa. Ashe haka tsohuwar nan take kwana take tashi.

Walid ya ajiye kan wayar, ƙarar ta tsaya. Ya buga hatimi, ya jima yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya ce da wata Hausa mai tauri, irin ta bakin kakanni, "Allah shi sa ya kira."

"Amin," in ji Lurwanu.

Ladan ya fara kiran la'asar. Wayar aiki ta yi ƙyas a aljihunsa tana neman fuskarsa, ya ƙyale ta. Hankalinsa na kan ta Hajja, don sai yanzu ya lura layin batirinta ɗaya ya rage, kuma ya baro igiyar a kan matashinta. Shekara biyu ba ta taɓa barin ta ta mutu ba.

"Ɗana," ya ce, "duba mini cikin durowar nan taka. Ko kana da caja irin ta da, mai siririn baki?"