Hannun Akmaral

Duk unguwar shayi ake sha, amma tun rasuwar matarsa Serikbol ya koma wa kofi, wai shi ba ya neman abokin hira. Ya sayi ɗan inji ya ajiye a kicin, sannan ya tsiri sassaƙa madanni, abin nan mai gindin ƙarfe da ake danne garin kofi da shi kafin ruwan zafi ya ratsa. Shekara talatin ya yi yana gyaran ƙarfe a wata masana'anta a birnin Almaty, hannun ya san aiki. Mariƙin kuwa da icen tuffar bayan gidansa yake yi.

Doka ɗaya gare shi, kuma kansa da tauri: ba ya sassaƙa wa kowa sai mutum ya damƙi curin yumɓu, shi kuma ya ga kwanciyar tafinsa. Maƙwabciyarsa Kulyash kullum sai ta yi masa tsiya, wai tsoho ya rasa abin yi sai awon hannun mutane kamar tela.

'Yarsa Akmaral shekara huɗu tana Jamus, ko leƙo gida ba ta yi ba. Ranar da ta ce masa a waya ita ma ta sayi injin kofi, daɗi kamar ya kashe shi.

"Zan yi miki madanni," in ji shi. "Amma kin san dokata."

"To Baba, za ka ga hannuna kafin bazara," ta ce tana dariya.

Shi ke nan fa, bawan Allah ya hau shiri. Ya shafe ɗakinta da fenti, ya ware icen da ya fi kyau, ya ishi Kulyash da zancen har ta fara ɓuya.

Wata Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya taso da takalmi ƙafa ɗaya. Ashe ɗan aiken gidan waya ne da ƙaramin kwali. A ciki ga busasshen curin yumɓu naɗe da tawul, shatin yatsu biyar raɗau, da 'yar takarda: "Ga hannun, Baba. Aiki ya yi mini yawa."

Ta dai bi doka. Ya zauna ya ɗora yatsunsa a shatin nata, suka ƙi shiga, nata sirara ne irin na uwarta.

Kulyash ta leƙo ta kan shinge, ta tambaya ko baƙuwar ta iso.

"Hannunta ya iso," ya ce, ya ɗauki icen ya nufi wurin sassaƙa.