Layi Na Bakwai

Babana ne ya koya mini miksa, na'urar haɗa sauti. Tun ina 'yar mitsitsiya yake ɗora ni kan akwatin lasifika a ɗakin gwaji, ya kama yatsana ya aza kan feda, ɗan maɓallin nan da in ka tura sama sauti ya fito, in ka ja ƙasa ya mutu. Kowa da layinsa a jikin miksar: mai ganga, mai fiyano, mawaƙi, 'yan amshi. Baba kuwa na bakwai ne nasa, tun zamanin tsohuwar miksar nan da sai an ɗan make ta take magana. Duk inda muka je wasa, kafin in gama kwance wayoyi zai ce, "Uwata, bakwai." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Jita yake kaɗawa, irin mai wayar nan, wadda in ba a jona ta ba ko na kusa da kai ba zai ji komai ba sai ƙyas-ƙyas. Shi ya kafa ƙungiyar kiɗanmu. Shi ya tsinto wanda yanzu ake kira Tauraro, lokacin ko takalmin kirki ba shi da shi, ya kawo shi gidanmu, ya ci a kwanonmu, ya koya masa inda ake jan numfashi a waƙa. Na tashi ina ce masa Yaya. Yau hotonsa ne a jikin motar ƙungiya, da tabarau da sarƙa, sai ka rantse daga sama ya faɗo da muryarsa. Tsintacciyar mage dai ba ta mage.

Da Baba ya tashi daga ciwon da ya kwantar da shi, hannun hagunsa bai tashi tare da shi ba. Yatsun suna zuwa, amma sai kiɗa ya wuce suke isowa, wani lokaci kuma su sauka kan tsirkiyar maƙwabta. Shi bai san abin ya kai haka ba. Ko ya sani bai yarda ba, oho. Abin da na sani shi ne ranar wasa ce kaɗai yake aske gemu, ya ci abinci ba tare da Umma ta yi masa magiya ba.

Wata rana bayan gwaji Tauraro ya tsaya a kaina ina naɗe waya.

"Ƙanwata, maganar tsoho fa."

"Wace magana, Yaya?"

"Kin fi ni kunne, kada ki raina mini hankali. Yana ɓata mini kiɗa. Ko dai ya zauna a gida ya huta, ko kuma ki san yadda za ki yi da na'urarki. Mai fiyano zai iya fitar da sautin jita, ba wanda zai gane."

Na ce, "Mutumin da ya koya maka riƙe makirufo?"

Ya ce, "Shi ya sa ai ban kore shi ba. Wani ne da tuni."

Wallahi saura kaɗan in sheme shi da wayar da ke hannuna. Amma na tuna Baba zaune a falo ya zuba wa bango ido, kamar yadda ya yi watannin jinya, sai na haɗiye. Gaba kura ce, baya siyaki.

Sabuwar miksar da aka sayo ita ta sa ƙaryar ta yi sauƙi. Irin ta zamani ce, mai allo kamar na waya, kowane layi da ɗan gilashinsa inda ake rubuta sunan mai shi, da korayen fitilu da ke tsalle in sauti na shigowa. Kowane makaɗi yana da abin kunne, kuma ni ke haɗa masa abin da zai ji, daban da abin da jama'a ke ji. Sannan tana da ƙwaƙwalwa: ka daidaita komai, ka adana, gobe ka danna maɓalli ɗaya fedodin su zabura da kansu kowa ya koma mazauninsa.

Sai na yi tsari biyu. Na farko na gwaji: bakwai na sama, jitar Baba na fita a manyan lasifiku, ya tsaya a dandamali yana jin kansa ya cika zaure, ya ɗaga mini babban yatsa. Na biyu na wasa: da an buɗe wa jama'a ƙofa sai in danna, bakwai ya sauka ƙasa. A kunnensa kuwa jitarsa na nan raɗau, na ma ƙara mata daɗi, na cire masa ta mai fiyano. In ya ɗan jiyo jita daga zaure, sai ya ɗauka tasa ce ke dawowa.

Kowa ya sani. Mai ganga ya sani, 'yan amshi sun sani, har direba. Duk suna gaishe shi da "Malam, yau ka kashe mu," shi kuma yana washe baki. Munafukai. Ni ce ma babbarsu, ban ware kaina ba, amma ni aƙalla ina saurarensa. Akwai maɓallin da in na danna, layi ɗaya tak zai shigo hedifon ɗina. Kowane wasa sai na danna bakwai. Duk faɗin zauren, ni da shi kaɗai muke jin abin da yake kaɗawa. Kuma ba duka ne ya lalace ba. Cikin tuntuɓen nan, wani lokaci sai ya ja wani wuri da zai sa tsigar jikina ta tashi, in ɗaga kai in ga mutane suna tafa wa fiyano.

A mota kan hanyar gida zai juyo. "Uwata, kin ji abin da na yi a waƙa ta uku?"

"Na ji, Baba."

"Ya fita sosai? Ba ki danne ni ba ko?"

"Haba Baba, ni na isa?"

Sai ya yi dariya ya ce wa Umma ta ga 'yarta, ta fi duk mazan da ya koya wa aiki.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, amma ban taɓa zaton ta inda zai ƙure ba. Wani wasan rana ne a babban zauren taro, an kafa mini tebur can baya tsakanin kujeru. Mun gama gwaji, ba a buɗe ƙofa ba tukuna. Baba bai cika zuwa wurina ba tun da aka sayo sabuwar, yana cewa fitilunta na sa masa jiri. Ran nan ƙafa ta dame shi, babu kujera a bayan dandamali, sai ya lallaɓo ya zauna gefena yana shan ruwa. Ban damu ba. Na san sai ya koma sannan zan danna.

Sai ga Tauraro da wata 'yar jarida da mai ɗaukar hoto a bayanta, yana zagayawa da su yana nuna dukiya. Ga fitilu, ga lasifiku, ga kaza daga waje aka kawo. Ya iso kaina.

"Wannan kuwa," in ji shi, "ita ce uwar tafiya. Ba ta mantuwa. Ku matso ku ga abin mamaki, da kanta take aiki."

Na ce, "Yaya, bari, na riga na daidaita."

"Ke dalla, ai ba ɓatawa zan yi ba."

Mutumin da bai san bambancin wayar makirufo da ta caji ba, abu ɗaya ya taɓa koya a na'urar nan, don ya ga ina yi. Ya miƙa hannu mai zobba ta saman kafaɗata ya danna tsarin wasa.

Fedodin suka zabura, shuu, wannan ya ɗan hau, wancan ya ɗan sauka, na fiyano ya yi sama. Ɗaya ne kawai ya zarce har ƙasa ya buga ƙarshe, ƙwas. A ɗan gilashin da ke kansa an rubuta BABA, da hannuna na rubuta.

'Yar jaridar ta ce, "Kai! Kamar aljanu!" Tauraro ya yi dariya, ya ja su suka wuce wajen ganguna. Ko waiwaye bai yi ba. Ina jin har yau bai san abin da ya yi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Baba ya ajiye robar ruwan a hankali. Ya matso da kujerarsa.

"Uwata, mayar da na ɗazu."

Na danna. Bakwai ya hau.

"Wannan na mene ne?"

"Na gwaji ne, Baba."

"To sa ɗayan."

Na danna. Bakwai ya sauka, ƙwas.

"Wannan fa?"

Ai ba ya bukatar amsa. Wa zai yi wa Baba bayanin feda? Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya sa yatsa ya taɓa layin fiyano, ya gyaɗa kai, kamar likita ya gano ciwo.

"Tun yaushe?"

"Tun... tun da ka dawo."

"Har ranar da Ummanki ta zo kallo?"

Na ce, "Baba, ka tsaya in yi maka bayani. Yaya ne ya ce zai..."

"Aikinki ya yi kyau," in ji shi. "Ko ni ban ji ɗinkin ba."

Ya dafa tebur ya miƙe. Na ce ya bari in kira direba ya kai shi gida, ya ce a kan me, ai an sa sunansa a takardar wasa. Ya tafi yana jan ƙafa tsakanin kujeru, aka buɗe ƙofa, jama'a suka fara shigowa suna ture shi ba su san ko wane ne ba.

Aka fara. Ina haɗa sauti amma ban san me nake yi ba, hannu ne kawai ke aikinsa. Ga Baba can a inda ya saba tsayawa, hagu da mai ganga, jita a rataye, yana kaɗa kai, hannu na sama da ƙasa. Na kalli Tauraro yana juyi da farar riga, na kalli mai fiyano yana satar gumin wani yana murmushi, na ce yau dai sai dai a kore mu tare. In tuntuɓe ne a ji tuntuɓen. Nasa ne.

A waƙa ta uku akwai inda kowa ke lafawa a bar jita ita kaɗai. Nan Tauraro ya saba yin abin da ya fi iyawa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ga ubana, ga malamina! Duk abin da na zama, shi ne! Ku tafa masa!" Zaure ya ɗauka. Fitila ta sauka kan Baba.

Na ja fiyano ƙasa gaba ɗaya. Na tura bakwai sama, har ya wuce inda na taɓa kai shi.

Shiru.

Ganga kawai ke tafiya a hankali. Na duba ko na kashe layin ne ta wani wuri, ban kashe ba. Na danna bakwai a hedifon, ba komai sai huci. Sai a lokacin na kalli korayen fitilunsa. Ko ɗaya ba ta motsi, kuma na gane tun da aka fara wasan ba su motsa ba, ni ce ban duba ba don kunya ta hana ni saurarensa.

Na ɗaga kai. Baba na tsaye cikin haske yana murmushi, yatsunsa na gudu a kan jita yadda ba su yi ba tun kafin ciwo, don ba sa taɓa tsirkiya. Wayar jitar kuwa ga ta nan a naɗe a kan akwatin da ke bayansa. Ta cikin duk kawunan nan ni yake kallo.

Mutane suka fara waige-waige. Tauraro ya juyo ya zare mini ido. Wani daga baya ya yi ihu, "Mai sauti, ba ma ji!" Baba ya ɗan ɗaga haɓa wajen mai fiyano, irin alamar da yake yi mini tun ina yarinya in ya ga na bar wani a ƙasa.

Na mayar da fiyano. Jita ta cika zaure, tsaf, ba tuntuɓe ko ɗaya. Aka yi ta tafi, wasu har da miƙewa, Baba ya rusuna musu.

Da aka tashi Tauraro ya zo yana kumfar baki, wai na kunyata shi gaban 'yan jarida, wai in ba zan iya ba akwai masu iyawa. Na ci gaba da naɗe wayoyina. Ba don ladabi ba, in na buɗe baki a lokacin sai an kira 'yan sanda.

Ina cikin rufe miksar Baba ya iso, jita a jaka a bayansa. Ya ajiye mini wayarsa a kan tebur, naɗin nan nasa mai kyau, ɗaya sama ɗaya ƙasa don kada ta murɗe, yadda ya koya mini.

Na ce, "Baba, na buɗe ka fa. Wallahi na buɗe ka. Da ka jona da kowa ya ji."

"Na gani," ya ce. "Na ga hannunki."

"To me ya sa?"

Ya gyara igiyar jakar a kafaɗa. "Da can ina kaɗawa ne don na ɗauka ana ji. Yau kuma in da na kaɗa, da tausayi za a ji." Ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da sunansa ke kai. "'Yar amshin nan sabuwa, na ga su biyu suke raba makirufo ɗaya. Ki ba ta bakwai. Layi ne mai kyau, bai taɓa ba ni matsala ba."

Ya juya ya nufi ƙofa. Direba ya taso da sauri yana cewa, "Malam, yau ka kashe mu," Baba ya ce masa madalla.

Washegari a ɗakin gwaji na goge sunan. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna eh. Har yau jitar tana saman kwaba a ɗakin Umma, gemunsa kuma ya fara tsawo.