Rawayan Baba

Mai Durowa ta ja durowa ta goma sha bakwai, ƙamshin kafur ya bugi hancinta. Shekara ashirin tana kula da ɗakin adana ƙwari na jami'ar, amma wannan durowar ba ta son buɗewa. Ɗakin ba taga, ko da rana tsaka shiru yake kamar maƙabarta, ga dubban fukafukai a shimfiɗe, kowane an soke shi da allura.

Baƙuwar, wata matashiyar dakta mai binciken malam-buɗe-littafin dare, ta sunkuya kan gilashin.

"Shi ne wannan, Anti?"

"Shi ne."

Ɗan ƙwaro ne da bai wuce farcen babban yatsa ba, rawaya kamar busasshen kara. Danginsa duk kore ne shar. Shi kaɗai aka taɓa samu rawaya, shi ya sa aka ce sabon jinsi ne, aka raɗa masa sunan wanda ya kamo shi, mahaifin Mai Durowa. Marigayin bai bar gida ba, bai bar gona ba, wannan sunan ne gadonsa.

"Anti, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," in ji daktar. "Koren waɗannan ba ya jure danshi. In ya kwana a akwatin laushi, sai ya koma rawaya. Ina zargin abin da ya faru ke nan. In haka ne, dole a soke sunan."

Mai Durowa ta san akwatin nan sarai. Akwatin laushi shi ne mai jiƙaƙƙen yashi, inda ake sa busasshen ƙwaro don fukafukansa su buɗu ba tare da sun karye ba. Tana da shekara tara ta ga Baba ya bar wani kore a kan tebur, ta jiƙa yashin, ta saka shi ciki don ta burge Baba. Da ta leƙa washegari ta tarar ya canza launi, sai tsoro ya kama ta, ta cusa shi cikin waɗanda ba a tantance ba. Bayan wata uku Baba ya shigo gida yana rawa, wai ya yi gamo da katar, ya samu sabon jinsi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Baba ba ya irin wannan kuskuren," ta ce.

"To, mu duba takardunsa."

Mai Durowa ta ɗaga gilashin, ta zare allurar. A ƙarƙashin takardar suna akwai wata 'yar takarda a naɗe, wadda ba ta taɓa lura da ita ba. Ta warware ta da matsefata. Rubutun Baba ne, mai karkacewa irin na ƙarshen rayuwarsa, kwanan watan kuma sati guda kafin rasuwarsa.

"Uwata, na san kore ne. Na gano a makare, na kasa faɗa. Ke za ki iya."

Ta sake karantawa. Ba wanda ya kira ta da wannan sunan tun ranar da aka binne shi, kuma lokacin da ya yi rubutun ba ta ko yi mafarkin aiki a ɗakin nan ba. Ta waiga bayanta, ba kowa sai kabad-kabad.

"Me aka rubuta, Anti?"

Takardar ba ta kai ƙwayar wake ba. In ta murza ta tsakanin yatsu biyu, shi ke nan.

Ta ajiye ta a gaban daktar, ta jawo kujera ta zauna.

"Ɗauko bironki, 'yar nan," ta ce. "Ki fara da cewa ni na jiƙa yashin."